Yadda Ake Gane Akwatin Kwamfutar Tebur Mai Ƙwari Wanda Ba Ya Damun Kunne

Mai haɗa kwamfutar tebur yakan zuba kuɗinsa a kan furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) da katin hoto (mai sarrafa hotuna), sai ɗan abin da ya rage a aljihu ya sayi akwati da shi, wato abin da 'yan kasuwa ke kira kesin. Alhali a duk kayan da ya saya, akwatin ne zai fi daɗewa tare da shi. Tsarin girman kayan kwamfuta mai suna ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995 har yau a kansa ake ƙera yawancin akwatuna, don haka mai kyau guda ɗaya zai iya ganin madabod (babban allon da ake haɗa sauran kaya a kansa) biyu ko uku sun zo sun wuce. Shi ne kuma ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi aikinta shiru, ko kuwa ta riƙa gurnani kamar ƙaramin janareta a ƙarƙashin tebur.

Ƙarar kwamfuta daga wuri uku take fitowa: iskar da fankoki ke turawa, girgizar da ke ratsa ƙarfe, da wani siririn kuka na lantarki da katin hoto ko fawa fak (mai rarraba wa kayan ciki wuta) kan yi. Akwati na da iko a kan biyun farko. Na ukun ba shi da magani a wurinsa, sai dai ya ɗan rufe shi.

Fara da awo

Kafin ka je shago, rubuta lambobi huɗu a takarda. Na farko girman madabod: ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX kuwa 170 da 170. Na biyu tsawon katin hoto, wanda manyansu na yanzu kan wuce milimita 300. Ka ƙara milimita 25 na kaurin fankar gaba idan daga ciki za a ɗaura ta. Na uku tsayin abin sanyaya furosesa. Manya irin su Noctua NH-D15 suna kai milimita 165, kuma akwatuna masu arha da yawa ba sa ɗaukar fiye da 155, sai a gama haɗa komai murfi ya ƙi rufuwa. Na huɗu tsawon fawa fak, daga milimita 140 zuwa 180 ko fiye, tare da filin da wayoyinta za su lanƙwasa.

Wanda zai sayi na hannu ya lura da tsofaffin akwatunan ofis na HP, Dell da Lenovo da suka cika kasuwa. Ƙarfensu na da kauri, farashinsu da sauƙi, amma da yawansu ramukan noti da mazaunin fawa fak da wayar maɓallin kunnawa duk na kamfanin ne kaɗai, madabod ɗin kasuwa ba zai zauna a ciki ba. Ka riƙe tsohon madabod, ko kwalin da ka yanka daidai girmansa ka huda ramukan, ka gwada a wurin.

Abin da hannu ke ganewa

Gani ya kori ji, amma a nan taɓawa ta fi gani. Ka ce a fito da akwatin daga kwali, ka cire murafen gefe biyu, ka kama kusurwar sama ta gaba da hannu ɗaya, ta baya ta ɗaya gefen da ɗaya hannun, ka ɗan murɗa kamar mai matse tsumma. Ƙashin akwati mai kyau da ƙyar zai motsa. Wanda ya karkace ya yi ƙiii, to ƙarfensa siriri ne ko kuma ribit ɗin da suka haɗa shi sun yi kaɗan. Irin wannan idan aka ɗora masa katin hoto mai nauyin kilo ɗaya da rabi, bayansa kan lanƙwashe har katin ya fara zamewa daga raminsa.

Kaurin ƙarfe shi ne tushen komai. Masu arha milimita 0.4 zuwa 0.5 ne, matsakaita 0.6 zuwa 0.7, masu ƙwari kuwa 0.8 zuwa 1.0. Bambancin a takarda kamar ba komai, amma taurin faranti na tafiya ne da kaurinsa sau kaurinsa sau kaurinsa, wato faranti mai 0.8 ya fi mai 0.5 tauri kusan sau huɗu. Idan babu ma'aunin kauri a hannu, ɗauki murfin gefe ka ƙwanƙwasa tsakiyarsa da bayan yatsa. Siriri zai amsa da amo mai tsawo kamar kwanon rufi. Mai kauri zai ce dim ya yi shiru. Wannan amon da ka ji, shi ne zai riƙa amsa wa had dis (ma'ajiyar bayanai mai faifai) da fanka dare da rana. Nauyi ma shaida ne: matsakaicin akwati na ƙarfe da bai kai kilo 4 ba, ka san an yi tsimin ƙarfe, masu kirki sukan kama daga kilo 7 zuwa sama.

Alminiyon na da kyan gani da rashin nauyi, sai dai rashin nauyin nan ne ke sa shi saurin ɗaukar girgiza, in ba an yi shi da kauri ba, kamar milimita 1.5 zuwa 2. Maganaɗisu zai raba maka gardama: yana manne wa ƙarfe, ba ya manne wa alminiyon.

Daga nan ka bi bakin kowane rami da yatsa a hankali, musamman ramukan da wayoyi ke bi da babban ramin da ke bayan furosesa. A akwati mai kyau an naɗe bakin ƙarfen ya koma ciki, ko an sa masa roba. Wanda aka bari da kaifi yana yanka hannu, kuma bayan wata da watanni na girgiza yana iya cin bawon waya. Ka kwance noti biyu ko uku ka mayar. Idan noti na juyawa ba ya kamawa tun akwatin yana sabo, zaren ramin ba zai kai shekara ba. Ka duba 'yan ginshiƙan tagulla da madabod ke zama a kansu: na ATX yawanci tara ne, kuma dole kowanne ya tsaya cak. Ginshiƙi ɗaya da ya rage a wurin da madabod ba shi da rami zai taɓa bayan allon ya haɗa wuta, na'ura ta ƙi tashi ko ta ƙone. Noti ɗaya ba abin rainawa ba ne: a 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sanar da janye akwatin NZXT H1 daga kasuwa saboda notin da ke riƙe mahaɗin katin hoto na iya taɓa layin wuta ya haddasa gobara.

'Yan murafen ramukan kati na baya su ma suna tona asiri. Idan da noti aka ɗaure su, an yi aikin kirki. Idan irin waɗanda ake lanƙwasawa a ɓalle ne, ba sa komawa, kuma dole a ɓalle su kafin a sa madabod, don bakinsu na iya kankare ƙananan kayan da ke kan allon.

A ƙarshe mayar da murafen. Su shiga ba tare da duka ba, su zauna ba tare da rata ba. Ka danna kowace kusurwa. Inda ka ji ƙas-ƙas, nan ne zai riƙa kaɗawa.

Murfin gilashi, in akwai, ya zama gilashin da aka gasa, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, kuma kada ƙarfe ya taɓa shi kai tsaye sai ta kan roba. Nauyinsa na taimakawa wajen tare ƙara fiye da siririn ƙarfe ko roba mai shara-shara. Rauninsa a gefuna yake. Kada ka taɓa ajiye shi a tsaye a kan tayil: ɗan taɓi kaɗan a kusurwa sai ya tarwatse gaba ɗaya kamar tsakuwa. A kan katifa ko kwali ake kwantar da shi.

Hanyar iska, inda shirun yake

Akwai hanyoyi biyu da masu ƙera akwati ke bi don rage ƙara. Ta farko a toshe: ƙofa a gaba, murafe masu kauri, a manna musu soso ko baƙin shafi mai kama da kwalta. Antec P180 na 2005 na cikin waɗanda suka yi suna da wannan, da murafensa masu hawa uku, daga baya jerin Define na Fractal Design ta Suwidin da Silent Base na be quiet! ta Jamus suka bi sahu. Ta biyu a buɗe: gaban akwatin duk raga, iska ta shiga ba wahala, fankoki su juya a hankali.

Wacce ta fi? Ya danganta da zafin kayan ciki da zafin ɗakin. Kwamfutar ofis da ba ta cin wuta fiye da wat 100 zuwa 150, rufaffen akwati zai sa a manta tana kunne. Amma na'urar wasanni ko ta tace bidiyo da ke zubar da wat 400 zuwa 500 na zafi, idan aka kulle ta, fankokin katin hoto za su tashi da gudu don neman iska, kuma ƙarar da za su yi ta fi ƙarfin abin da soso mai kaurin rabin santimita zai shanye.

A nan ne mai zama a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram ya kamata ya karanta sakamakon gwajin Turawa da lura. Yawancin masu gwajin suna aunawa ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23. Zafin furosesa kuwa a kan zafin ɗaki yake hawa. Idan an ce ta tsaya a digiri 75 a ɗaki mai 22, to tazarar 53 ce. A ɗakin da ya kai 38 a watan Afrilu, ba na'urar sanyaya ɗaki, wannan furosesar za ta doshi 91. Furosesoshin yanzu kuwa a wajen 95 zuwa 100 suke fara rage gudu don ceton kansu, kuma tun kafin nan fankoki sun ƙure. Saboda haka a ƙasa mai zafi, in dai kayan cikin masu ƙarfi ne, akwati mai raga a gaba shi ne zai fi shiru a zahiri, duk da kwalinsa bai yi alkawarin hakan ba.

Yadda za ka auna hanyar iska a shago: cire fuskar gaba ka ɗaga ta sama wajen haske. Idan raga ce, ya kamata ka ga haske sosai ta cikinta. Idan rufaffiya ce, duba ramukan gefenta. Su kai faɗin santimita 2 zuwa 3 a duk tsawon fuskar, kuma a sami tazara irin wannan tsakanin fanka da murfin. Akwatunan ado masu gilashi a gaba da fankoki uku masu fitilu manne da gilashin, kyan ɗan maciji ne. Fankokin na juyawa, suna ƙara, ba abin da suke ja. Ka kuma duba ramukan da aka huda a jikin ƙarfe a mazaunin fankar baya. Manyan ramuka masu siffar saƙar zuma suna barin iska ta wuce. Ƙananan zagayayyu masu nisa da juna suna tare rabinta, su mai da sauran shuuu.

Fankoki

Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce wannan: idan aka rage gudun fanka da rabi, ƙararta na sauka da wajen desibel (ma'aunin ƙara) 15, alhali ƙara fanka ta biyu irinta desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kunne kuma kan ji ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Ke nan fanka biyu masu juyi 700 a minti sun fi guda ɗaya mai juyi 1,400 shiru nesa ba kusa ba, iskar kuma kusan ɗaya. Don haka ka nemi akwatin da ke ɗaukar fanka mai milimita 140 guda biyu ko mai 120 guda uku a gaba, da mai 120 ko 140 a baya. Wanda bayansa ba ya ɗaukar sai mai 80, ka bar shi, domin ƙaramar fanka sai ta yi gudu sosai kafin ta yi aiki.

Ka kalli kan wayar fankokin da suka zo da akwatin. Mai fil huɗu ƙanana ita ce mafi kyau, madabod na sarrafa gudunta dalla-dalla. Mai fil uku ma ana iya rage mata gudu ta hanyar rage ƙarfin wuta. Amma wadda ke da faffaɗan kai da ake sokawa kai tsaye a wayar fawa fak, kullum a ƙarshen gudunta take, ba mai iya tsawata mata. Idan irinta ce a ciki, ka sa kuɗin sababbin fankoki a lissafinka.

Abin da sandar fanka ke juyawa a kansa shi ma da bambanci. Mai arha ɗan bututu ne kawai na ƙarfe da ɗan mai a ciki. Tana da shiru tana sabuwa, amma zafi na busar da man, musamman idan an kwantar da ita a rufin akwati, sai ta fara gurnani da safe. Mai boris ta fi jure zafi, da ɗan ƙara kaɗan. Wadda ake rubuta wa FDB, mai juyawa a kan matsattsen mai da aka rufe, ita ta haɗa shiru da daɗewa. Ka kaɗa fiffiken da yatsa kusa da kunne: ya juya sumul, ba ƙyas-ƙyas, ba lilo.

Girgiza

Had dis mai juyi 7,200 a minti yana girgiza sau 120 a daƙiƙa, mai 5,400 kuma sau 90. Shi kaɗai a tafin hannu ba a jin wani abu, amma da an ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe sai akwatin duka ya zama ganga. Idan biyu ne kusa da juna, ɗan bambancin gudunsu na haifar da wani amo mai tashi da sauka, wuu-wuu, wanda ya fi tsayayyar ƙara cin rai. Don haka ka duba mazaunin had dis: a sami zoben roba mai laushi tsakanin noti da ƙarfe, kuma tiren ya zauna daram. Tiren roba da ake turawa ba noti, in yana da sako-sako, ya fi komai kaɗawa. Kada a ƙulle notin har robar ta baje, don ta daina aiki ke nan. Wanda SSD (ma'ajiyar bayanai marar faifai mai juyawa) kaɗai zai sa, wannan matsala ba ta shafe shi ba.

Ƙafafun akwati su kasance da roba a ƙasa, tsayinsu kuma ya kai santimita 2, tunda yawancin fawa fak ta ƙasa take shaƙar iska. A kan kafet mai gashi ƙafafun na nutsewa, hancin ya toshe.

Ƙura

Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, kuma ita ce ke mai da na'ura mai shiru ta koma mai ihu cikin 'yan makonni, domin tana toshe tsakanin faranten abin sanyaya. Kowace ƙofar shigar iska, gaba da ƙasa, tana buƙatar matacin ƙura. Abin dubawa shi ne sauƙin cire shi. Matacin ƙasa da ake zarowa ta gaba za a riƙa wanke shi; wanda sai an janyo akwatin daga bango an kwantar da shi, ba wanda zai taɓa shi. Raga mai laushi ta nailan ta fi tare ƙura a kan farantin roba mai ramuka, ko da yake ta fi rage iska kaɗan.

Ka tsara fankoki yadda iskar da ke shiga za ta ɗan fi mai fita yawa, misali biyu ko uku a gaba, ɗaya a baya. Ta haka rarar iska ke fita ta kowace kafa, ƙura ba ta samun shiga sai ta matacin. Idan masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta ramukan kati da na USB. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe siririn yankin tishu kusa da ramukan baya, in ya manne, iska na shiga ta inda bai kamata ba. A ɗaga akwatin daga ƙasa ko da santimita 20 ne. Lokacin hunturu a kakkaɓe mataci duk mako biyu, in an wanke a bari ya bushe sarai. In za a busa ciki da bulowa, a riƙe fiffiken kowace fanka da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Bayan tire da wayoyin gaba

Tsakanin tiren madabod da murfin dama a sami aƙalla milimita 20, gara 25. Babbar wayar da ke kai wa madabod wuta, mai fil 24, na da kauri, in filin bai isa ba sai murfin ya yi ciki kamar mai juna biyu, ya riƙa kaɗawa. Ka soka filasha a kowane ramin USB na gaba ka zare. Kada allon da ke bayansa ya motsa. Ka danna maɓallin kunnawa sau goma, ya dawo kowane lokaci. Idan akwai ramin USB-C, tabbatar madabod ɗinka na da mahaɗinsa na musamman, in ba haka ba ado ne kawai.

Fawa fak da ake bayarwa kyauta tare da akwati mai arha, wadda aka rubuta wa wat 500 amma nauyinta bai kai na biredi ba, a cire ta. Arha ba ta ado. Sannan ɗan shokin da ake ji idan an taɓa jikin akwati, yawanci ba laifin akwatin ba ne: soket ɗin ne ba shi da wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira atin, sai 'yar wutar da matatar fawa fak ke zubarwa ta rasa inda za ta bi. Mai wayarin ne zai gyara wannan.

Gwaji bayan an haɗa

Yi shi da dare, an kashe fankar sama da janareta, in ba haka ba su za ka ji. Ajiye waya mai manhajar auna ƙara a tazarar rabin mita daga gaban akwatin, kada ka gusar da ita. Lambar waya ba ta da tabbas, amma bambanci tsakanin awo biyu abin dogaro ne. Auna ɗakin na'ura a kashe, sannan tana kunne ba aiki, sannan ka ɗora mata nauyi na minti 20 da manhajojin gwaji Cinebench da FurMark kana kallon zafi a manhajar HWiNFO.

Tana cikin wannan aikin sai ka cire fuskar gaba ka jira minti 10. Idan zafi ya sauka da digiri 2 ko 3, hanyar iska lafiya lau. Idan ya faɗi da 8 ko 10, fuskar ce ke shaƙe na'urar. Don gano mai ƙara, dafa tafin hannu a kan kowane murfi bi da bi. Inda amo ya ɗauke, nan ne, kuma siririn soso mai gam a bakin murfin kan kashe shi. Fankoki kuma ka tsayar da su ɗaya bayan ɗaya daga cikin BIOS (shafin saitin madabod) ko manhaja, ba da cusa yatsa cikin fiffike ba. Kuka siriri da ke canzawa da abin da ke kan allon kallo, na katin hoto ne. Ƙayyade yawan hotunan da yake fitarwa a daƙiƙa kan rage shi.

Saura saitin gudu. A BIOS, bar fankokin akwati a juyi 600 zuwa 800 har furosesa ta kai digiri 60, daga nan su hau a hankali zuwa wajen 1,200 a digiri 80. Ka sa jinkirin daƙiƙa 3 zuwa 5 kafin su amsa canjin zafi, domin fankar da ke tashi tana sauka duk lokacin da aka buɗe shafi ta fi mai tsayayyen gudu damun kunne. Idan bazara ta shigo, ka sake wannan gwajin da rana tsaka, ka ƙara wa mafi ƙarancin gudun fankokin juyi 200 in zafin had dis ya haura digiri 45.